Ciwon Nono Ga Mai Jego: Hukuncin Shayarwa Da Azumi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Bayan haka, magidanta sukan tambaye ni game da mai jego wadda nononta ya kumbura, ya yi tauri da zafi, har zazzaɓi ya rufe ta. Galibi kafin su iso an riga an cire jaririn daga mama, wai nonon ya ɓaci. A wasu gidajen ma tururuwa ake jefawa cikin ruwan nonon, in ta mutu a yanke masa hukunci. Wannan gwaji ba shi da asali a shari'a, likitoci kuma ba su san da shi ba.

Abin da likitoci suka tabbatar shi ne, kumburin yakan taso ne idan nono ya taru bai fita ba, ko kan nonon ya tsage ƙwayar cuta ta shiga. Galibi ruwan ba ya cutar da yaro. Dakatar da shayarwa farat ɗaya shi ke ƙara ciwon, har ya zama ƙurji mai mugunya wanda sai an tsaga. Saboda haka ta ci gaba da ba shi, ta ɗora tsumma mai sanyi, a bar murza da ƙarfi. Idan zazzaɓin ya wuce awa 24, maigida ya rufe shago ko ya nemi izinin ofis ya kai ta asibiti.

To, ta fuskar shari'a, aya ta 233 a Suratul Baƙara, wadda ta ambaci shekara biyu, ita ce kuma ta hana a cutar da uwa saboda ɗanta. In ta gaza, a nemi wata ta shayar, ladan yana kan uba. Sai dai a yi hattara: a mazhabar Malikiyya tsotsa ɗaya da ta isa ciki tana haramta aure, Shafi'iyya kuwa sai sau 5. Ni shawarata a rubuta sunan matar da na 'ya'yanta a ajiye, domin bayan shekara 20 tsofaffin da suka shaida ƙila ba sa raye.

Game da Ramalana akwai bambancin da yakan shige wa mutane duhu. Wadda ta sha azumi don tsoron halin ɗanta, ta rasa mai shayar mata ko yaron ya ƙi karɓar wata, za ta rama ta kuma ciyar da mudu ɗaya kowace rana, mudun Annabi (S.A.W.), ba na kasuwa ba. Wadda kuwa zazzaɓin nonon ya kayar, hukuncinta na majinyaci ne: ramuwa kawai, babu ciyarwa.