Ɗinkakkiyar Taya a Ƙasar Ƙaya

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, ruwa ya biyo kanal ya ratsa Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, keke ya zama jakin manomin rani. Shi ke ɗaukar buhun taki zuwa gona, shi ke dawo da kwandon tumatir bakin titi. Saboda haka masu facin wannan yanki sun ƙware: a ɓalle taya, a zaro tiyub, a tsoma a ruwa a nemo inda yake kumfa, a kankare, a shafa sholisho, a manna faci. Kafin ka gama shan rake an gama.

Amma a ce saurayi ya sayi siririn keken tsere ɗan Kwatano, yana motsa jini a kan hanyar Bunkure zuwa Rano, sai ƙafar baya ta sace. Ya turo shi gindin bishiya ya ce, "Baba, a taimaka mini da faci." Dattijo ya sa ƙarfe zai ɓalle taya, ya duba nan ya duba can, ya ɗago kai ya ce, "Samari, wannan tayar taka ai ba ta da baki." Gaskiya ya faɗa. Wannan ita ce tayar da Turawa ke kira tubula, mu kuwa ɗinkakkiyar taya ya fi dacewa mu ce mata.

Tayar da muka saba da ita tana da waya a bakunanta biyu, wayar ce ke kama gefen wili, tiyub kuma yana zaune a ciki shi kaɗai. Ɗinkakkiya ba haka take ba. An sa tiyub a cikin rigar zare, an ɗinke rigar ruf kamar yadda baduku ke ɗinke laya, an rufe ɗinkin da ƙyalle, sannan aka manna gaba ɗayanta a kan wili da gam. Wilin nata ma daban ne, kwarminsa bai da zurfi kuma bai da leɓen da waya za ta kama. Ba ya karɓar taya mai waya, ita ma ba ta zama a wilin da muka sani. Don haka mai sayen keken gwanjo ya fara duba wili kafin fenti ya ruɗe shi.

Me ya sa 'yan tsere suka daɗe suna son ta? Ba ta da nauyi, tana da laushin tafiya, kuma in ta sace ana cikin gudu ba ta fita daga wili, mahayi na iya lallaɓawa har motar ƙungiyarsu ta iso. A tsofaffin hotunan tseren Faransa za ka ga mahaya sun rataya taya a kafaɗa sun harɗe ta a ƙirji; ɗinkakkiya ce ta ko-ta-kwana. A 'yan shekarun nan manyan ƙungiyoyi da yawa sun koma taya marar tiyub mai ruwan toshe huji a ciki, kuma ina ganin wannan na cikin dalilan da tsofaffin wilika masu gam suke gangarowa kasuwannin gwanjo da araha. Mu ne muke gadonsu, ba tare da motar da ke bin mahayi a baya ba.

Ƙasarmu kuwa ƙasar ƙaya ce. Tsidau yana shimfiɗe a gefen hanya, 'ya'yansa duk yadda suka faɗi sai tsini ɗaya ya kalli sama. Ga ƙayar bagaruwa da ta aduwa da ake shinge da su, iska ko awaki su jawo reshe kan kwalta. Lokacin kakar tumatir, wajen Kwanar Gafan, ƙusoshi da guntayen waya da fasassun kwalabe ba sa ƙarewa inda manyan motoci ke lodi. Tayar da aka yi don titin Italiya mai santsi ba za ta yi mako guda a nan ba.

Saboda haka wajen zaɓe, a manta da wadda ta fi sauƙin nauyi. Abin nema shi ne wadda aka shimfiɗa wa ɗamarar kariya a ƙarƙashin roba, irin zaren Kevlar ko Vectran, wanda tsini ke wahalar hudawa, kuma robar samanta ta kasance mai kauri. Kamfanin Continental na Jamus yana da Sprinter Gatorskin, wadda har gefenta aka ƙarfafa. Vittoria na Italiya yana da Rally, mai araha, wadda da ma don atisaye aka yi ta, ko da yake kariyarta ba ta kai ta farkon ba. Tufo na ƙasar Cek ya bi wata hanya: tasa ba ta da tiyub daban a ciki, don haka ba a farke ta a yi faci, ruwan toshe huji ake zuba mata ta bawul. A jikin taya za a ga lambar da ke nuna yawan zare a kowane inci. Mai 300 ko fiye tana da laushi da daɗin hawa, amma siraran zare ne, kuma dutse na saurin yanka su. Mai ƙarancin lamba ta fi tauri, ta fi jure wulaƙanci.

Akwai abin da mai saye ba ya gani da ido, wato irin tiyub ɗin da aka ɗinke a ciki. Na ɗanyar roba, wanda ake sa wa tayoyin gasa masu tsada, yana zubar da iska ko babu huji, kullum da safe sai an ƙara masa. Baƙin tiyub irin na kullum yana riƙe iska kwanaki. Mai atisaye baƙin yake bukata. Faɗi kuma, milimita 25 ko 28 ya fi 21 ko 23 a kan kwalta mai faci-faci, muddin ƙirar keken ta ba da wuri. Kuma kada a ɗirka iska har taya ta zama dutse. A duba adadin da aka rubuta a jikinta, a tsaya ƙasa da iyakar.

Wani tarko na nan a lamba 28. Babban keken manomi tayarsa inci 28 ake ce mata a kasuwa, keken tsere ma ana rubuta masa 28, amma ba girmansu ɗaya ba: faɗin wilin na farko milimita 635 ne, na biyu 622. Bawul ɗin ma siriri ne, bakin famfon mai faci ba ya kama shi sai da ɗan mahaɗi. A sayi mahaɗin a ajiye a aljihu.

Yanzu sai ɗaurawa, inda yawancin ɓarna take. Sabuwar ɗinkakkiyar taya a matse take zuwa. A fara ɗora ta a busasshen wili ba gam, a ba ta iska, a bar ta kwana ɗaya ko biyu ta saki jiki. Kafin nan a kankare tsohon gam da ya bushe ya yi ɓawo a wilin da za a yi aiki da shi, a goge maiƙo da ƙura tas. Da hunturu a yi aikin a cikin ɗaki a rufe taga, domin ƙurar da ta sauka a kan ɗanyen gam ta zauna ke nan, kuma a nisanci wuta, gam ɗin yana kamawa.

Gam kuma nata ne na musamman, irin su Mastik One na Vittoria ko na Continental, wanda ma ya raba na wilin alminiyam da na wilin kabon. Sholisho ba gam ɗin wili ba ne. Aikinsa haɗa roba da roba a wurin faci, ba riƙe ƙyalle a jikin ƙarfe ba. Haka gam ɗin takalmi, haka wannan mai bushewa nan take da ake sayarwa a ƙaramin bututu, wanda ke yin tauri ya karye. Na san hali irin namu na "a yi maneji," kuma sau da yawa yana fitar da mu, amma nan wuyan mutum ake magana. In gam na gaskiya bai samu ba, akwai tef mai danƙo fuska biyu da aka yi don wannan aiki, ya fi sauri kuma ba ya ɓata hannu, sai dai masu sana'ar da yawa sun fi amincewa da gam.

A shafa siriri a wili daga gefe zuwa gefe, domin gefen ne ke riƙe taya a kwana. A shafa a ƙyallen cikin taya. A bar su su kwana. Sabon wili yana son shafi biyu ko uku, kowanne da kwanansa. Ranar ɗaurawa a yi shafin ƙarshe a wili, a sa wa taya 'yar iska kaɗan don ta yi siffa, a zura bawul a raminsa a miƙe, a kafa wili a ƙasa mai tsabta bawul na sama, a riƙa jan taya da hannu biyu ana gangarowa dama da hagu da ƙarfi ɗaya. Ƙarshen ne ke ba da wuya, nan ake juya wilin a taka shi da yatsun ƙafa a ɗaga ragowar a ɗora. Sai a juya wili a duba ko ƙyallen ya fito daidai a ɓangarorin biyu, a gyara tun gam bai kama ba, a cika iska, a jingine shi awa 24. Duka aikin kwana uku ne zuwa huɗu. Wanda ya manna da safe ya hau da yamma, a kwanar farko zai gane kurensa.

Zafi ma abokin gaba ne. A ranar 14 ga Yuli 2003, a tseren Tour de France, ɗan Sifen Joseba Beloki yana gangarowa garin Gap, kwalta ta yi laushi don rana, ƙafar kekensa ta baya ta zame, tayar ta kwaɓe daga wili, ya faɗi ya karye, kuma bai sake komawa matsayinsa na da ba. Mu ba mu da irin wancan gangare tsakanin Kura da Tiga, amma muna da bazarar da zafi ke kai maki 40. Kada a bar keke a rana ko a cikin rufaffiyar mota, kuma lokaci-lokaci a sace iskar a tura taya gefe da babban yatsa zagaye guda. In ta ɗaga cikin sauƙi, a cire a sake mannawa.

In ta sace a hanya, ƙaramin hujin tsidau ruwan toshewa na iya maganinsa. Babba kuwa sai a ɓamɓare tayar a ɗora ta ko-ta-kwana, wadda aka riga aka shafa wa gam aka naɗe a ƙarƙashin sirdi, a koma gida a hankali, ba gudu a kwana. Gyaran wadda ta huje aikin zama ne: a gano wurin, a ɗaga ƙyalle, a farke ɗinki kamar tsawon yatsa, a zaro tiyub a yi masa faci, a mayar, a ɗinke ta cikin tsofaffin ramukan allura da zare mai ƙarfi, a manna ƙyallen. Rabin aikin na mai faci ne, rabi na baduku.

Ni dai in za a tambaye ni, wanda yake fita kullum da asuba ya nemi wili mai karɓar taya mai waya, ya sa mata mai kauri, ya ajiye ɗinkakkiya don ranar gasa. In kuwa ita kaɗai gare shi, to ya sayi uku a lokaci guda, biyu a keke ɗaya a ƙarƙashin sirdi, ya haɗa da gwangwanin gam tun daga wurin da ya samo tayar.