Yadda na raka abokina sayen kwamfutar tebur da kuɗin adashi

Wata goma abokina ya yi yana zubin adashi kafin kwasa ta zo kansa. Ɗan ƙaramin shago gare shi kusa da wata makarantar sakandare a Kano, inda yake yin fotokwafi da sayar da biro da littattafan rubutu. Kullum sai an kawo masa aikin da ba ya iya karɓa: malamin da ke son a buga masa tambayoyin jarrabawa, ko matashi mai neman a rubuta masa takardar neman aiki, ko mai ɗaurin aure da ke son katin gayyata. Sai dai ya nuna musu shagon tsallaken titi, kuma wanda ya tsallaka ba ya dawowa yin fotokwafin ma.

Ranar da kuɗin suka shigo hannunsa ya kira ni. "Mutumina, kai ne ɗan boko. Zo ka raka ni, kada a yi mini sakiyar da ba ruwa." Ni ba injiniya ba ne, amma aikin jarida ya sa na sayi kwamfuta ta hannu har sau uku, ta farkon kuwa ban ji daɗinta ba.

Kafin mu fita na tambaye shi abin da zai riƙa yi da ita. Ya lissafa: buga rubutu, lissafin shago, ɗan tsara katin biki, sai shiga intanet. Babu wasan bidiyo, babu tace fim. Wannan amsa ta rage mana rabin wahala, domin duk aikin da ya ambata kwamfutar ofis mai matsakaicin ƙarfi za ta yi shi ba tare da gumi ba.

Ya so ya sayi laftof saboda batir. Na ba shi shawarar ta tebur, don a kuɗi iri ɗaya ta fi ƙarfi, ta fi sauƙin gyara, idan kibod ya lalace a sayi wani a ɗora, kuma ba a saɓa ta a hammata a fice da ita daga shago. Matsalar wuta dai gaskiya ce, kuma za mu dawo kanta.

Titin Beirut muka nufa, inda shagunan kwamfuta suke a jere. Yawancin abin da talaka ke iya saye a nan ba sabo ba ne. Kwamfutoci ne da ofisoshi da makarantu a Turai da Amurka suka yi aiki da su na wasu shekaru suka sauya, aka shigo da su ta Legas, wasu suka bi ta kasuwar kwamfuta ta Ikeja kafin su iso Arewa. Shi ya sa za ka ga iri uku sun fi yawa: OptiPlex ta kamfanin Dell, da EliteDesk ko ProDesk ta HP, da ThinkCentre ta Lenovo. Ban ɗauki wannan a matsayin aibi ba. An ƙera su ne don su yini a kunne a ofis, kuma kayan gyaransu na nan birjik.

A shago na biyu aka kusa yi mana. Mai shagon ya sauko da wata babba mai sheƙi, ya nuna tambarin da ke jikinta. "Alhaji, Core i7 ce wannan. Babu sama da ita. Don kai ne zan bar maka a haka." Na ga idon abokina ya yi haske, domin ko shi ya taɓa jin cewa i7 ta fi i5.

Na ce a kunna. Da ta tashi na danna Ctrl da Shift da Esc tare, shafin Task Manager ya buɗe, na shiga ɓangaren Performance. A nan kwamfuta ke faɗin gaskiyar abin da ke cikinta, ko me aka manna a bayanta. Sai ga shi an rubuta i7-2600.

A wannan lamba zancen yake. Lambar farko bayan ɗan layin ita ke nuna zubin da aka yi ƙwaƙwalwar kwamfutar. Biyu na nufin zubi na biyu, wanda Intel ya fitar a 2011. Wadda aka rubuta wa i5-8500 kuwa zubi na takwas ce, ta 2018, kuma tana da cibiyoyin aiki shida, alhali waccan i7 ɗin huɗu gare ta. Wato ƙaramar suna ta fi babbar suna ƙarfi, ta kuma fi ta ƙuruciya da shekara bakwai. Mai shagon bai yi ƙarya ba, i7 ce. Shekarunta ne kawai bai faɗa ba.

Batun bai tsaya ga sauri ba. A ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da yake bai wa Windows 10, sai wani ƙarin wa'adi na shekara guda ga waɗanda suka yi rajistar shirin kariya na musamman. Windows 11 kuma tana da sharuɗɗa: ban da 'yan ƙalilan, ba ta amince da ƙwaƙwalwar Intel da ta gaza zubi na takwas ba, kuma tana buƙatar wani ɓangaren tsaro da ake kira TPM 2.0. Masu gyara sun san dabarar cusa ta a tsohuwar kwamfuta, za ka ma gan ta tana aiki lafiya a shago. Amma kamfanin bai yi alƙawarin ci gaba da aiko wa irin wannan kwamfuta gyare-gyaren tsaro ba. Ga mutumin da zai riƙa karɓar filashin mutane iri-iri yana sokawa, yana kuma ajiye takardun shaidar jama'a, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kwamfutar da ta kamu da cuta a shagon buga takardu, duk wanda ya kawo filashi sai ya koma gida da tsaraba.

Saboda haka na rubuta masa a bayan wani rasit: zubi na takwas ko sama. A Dell irin su OptiPlex 3060 da 5060 da 7060 ke nan, a HP kuma irin EliteDesk 800 G4, a Lenovo irin M720. Muka yi wa mai shagon godiya muka wuce, yana kiranmu yana rage farashi.

Abu na biyu da na nace a kai shi ne ma'ajiya. Da yawa daga cikin waɗannan kwamfutoci na zuwa da tsohon faifai mai juyawa, HDD, kuma masu sayarwa kan yi tallarsa da girma: "Wannan 1TB ce, Alhaji." Girman ba ya hana ta nawa. SSD mai 256GB ta fi masa amfani nesa ba kusa ba, domin da ita kwamfuta kan tashi cikin daƙiƙoƙi, ba sai kwastoma ya tsaya yana duba agogo ba, kuma takardun rubutu ba sa cin wuri. RAM kuwa, ko da yake Windows 11 ta ce 4GB ya wadatar a ɗora ta, duk wanda ya gwada buɗe Word da shafukan intanet biyar a kan 4GB ya san haƙuri. Muka tsaya a 8GB, muka kuma tabbatar akwai gurbin ƙari idan hali ya samu.

Sai wuta. A nan ne na sauya ra'ayi a tsakiyar kasuwa. Da babbar nake nufin mu saya, sai wani matashi mai gyara a shago na huɗu ya tambaye mu da me za mu kunna ta. Abokina ya ce yana da ɗan inbata da batir guda da yake kunna fanka da fitila. Yaron ya ɗauko wata 'yar ƙarama, ba ta fi littafin hisabi girma ba, mai i5-8500T. Harafin T ɗin na nufin an rage mata cin wuta: an ƙayyade ƙwaƙwalwarta a wat 35, maimakon 65 na 'yar uwarta, kuma da caja irin ta laftof take aiki. Ta ɗan gaza waccan sauri, amma ba yadda mai buga wasiƙa zai lura ba. A garin da wuta ke zuwa ta tafi ba sallama, kuma man janareta ya zama abin da ya zama tun bayan cire tallafi a 2023, wannan yaro ya fi ni gaskiya.

Duk da haka na ce kada ya haɗa ta da wutar gari kai-tsaye. Ɗaukewar wuta farat ɗaya na cinye aikin da ba a adana ba, dawowarta da ƙarfi kuma na iya ƙona caja. Ko dai ta bi ta inbata, ko a sayi ƙaramin UPS. Ga masu sayen tsofaffin manya kuma, a duba bayansu: wasu da aka shigo da su daga Amurka na da ɗan jan makunni mai 115 da 230. Wutarmu 230 ce. Idan yana kan 115 aka soka, sai dai a ji ƙara da ƙauri.

Mun kusa awa guda muna gwaji, mai shagon yana ta kallonmu. Na soka filashi a kowace kafa ta USB. Na kashe ta na sake kunnawa, na shiga BIOS don in tabbatar ofishin da ya yi amfani da ita bai bar mata kalmar sirri ba, domin idan an kulle nan, ranar da za a sauya wani abu sai an sha wuya. Na duba ko agogonta na riƙe lokaci. Idan ba ya riƙewa ɗan batir ne mai kama da kwabo, CR2032, ba tsada. Na duba ko Windows ɗin mai lasisi ce. Na sa aka buɗe murfin muka ga fanka, na kuma gaya wa abokina cewa idan hunturu ya shigo ya riƙa rufe ta da kyalle bayan ya kashe, a kuma hure mata ƙura lokaci-lokaci.

Wurin monita muka yi tuntuɓe. Mun zaɓi mai inci 22, na buɗe farin shafi da baƙi don neman tabo ko layi, babu. Sai da aka zo haɗawa muka ga monitar VGA gare ta, kwamfutar kuma DisplayPort. Dole aka sayi 'yar mahaɗa. Wi-Fi ma babu a cikinta, kamar yawancin kwamfutocin ofis da aka saba haɗawa da waya. Na nuna masa yadda zai jona wayarsa da kebul ya ba ta intanet, kafin ya sayi ɗan abin kama Wi-Fi na USB.

Farashi ba zan rubuta ba, domin yana bin dala, abin da muka biya a wannan mako ba lallai ya kai mako mai zuwa ba. Abin da zan ce shi ne kwamfutar kanta ba ta cinye kuɗin duka ba, kuma da gangan muka yi haka. Monita da kibod da linzami da mahaɗa da kuɗin adaidaita sahu duk daga adashin nan suka fito. Mutane da yawa kan zuba komai a kan akwatin, su isa gida ba abin da za su kalla.

A kan garanti muka ɗan yi ja-in-ja. Mai shagon ya ce, "Haba Alhaji, ai mun zama ɗaya, in ta ba da matsala ka dawo kawai." Abokina har ya miƙa hannu. Na ce a rubuta. Aka rubuta wata guda a rasit, tare da lambar jikin kwamfutar da girman RAM da SSD, don kada a dawo da ita a ce ba ita ba ce.

Da muka isa shago na ƙara masa tsarin kibod na Hausa da ke cikin Windows, don ya samu ƙ da ɗ da ɓ ba tare da yawo ba. Aikin farko da ya karɓa tambayoyin jarrabawar Hausa ne na aji biyu, shafi uku. Da yatsa biyu ya buga, ya kwashe kusan yini. Firinta kuwa kuɗin ba su kai ba. A filashi yake kai aikin tsallaken titi a fitar masa da kwafi ɗaya, ya dawo ya yi fotokwafin sauran a injinsa, kuma ya riga ya shiga sabon zubi.