Gatarin aradu: wa ya yi shi, kuma ta yaya ake sanin shekarunsa?

Jama'ar Sabo da Agege da Shasha da sauran zangonninmu na Kudu, duk wanda ya tashi a karkara cikinku ya san gatarin aradu. Wani ɗan dutse ne sumul, mai kaifi a baki ɗaya, wanda manomi kan tono a gona bayan an sha ruwa. A wajenmu, ƙasar Kontagora, cewa ake tsawa ce ta jefo shi, masu magani kuma su adana abinsu. Maƙwabtanku Yarbawa ma haka suke cewa, suna danganta shi da Sango. Su kansu Turawa sun daɗe a kan wannan zance.

To, hannun mutum ne ya yi shi. Kafin a san ƙira, da dutse ake sare itace, da shi ake fiɗa. Mai yi zai sami dutse mai tauri, ya yi ta ɓantararsa da wani dutsen har ya kama siffa, sannan ya goga shi a kan fa da ruwa har ya yi baki. Wannan gogaggen ma na baya-bayan nan ne, shekara dubbai kaɗan. Akwai yayyensa, manya masu kama da ganye, waɗanda ɓantara kawai aka yi musu ta fuska biyu. Masu haƙar kuza sun tono irinsu a Mai Idon Toro, kusa da Jos. Masana na kiran wannan samfuri da sunan Saint-Acheul, wata unguwa a Faransa inda aka fara nazarinsa, alhali a gabashin Afirka ya fi tsufa, wajen shekara miliyan 1.7.

Inda mutane ke tsaye mini ke nan: wa ya ƙirga? Ni ɗan mai fataucin shanu ne, don haka da kara zan yi misali. Idan aka kawo sa kasuwar Mariga, ba a tambayar mai shi ranar haihuwa, don ko ya faɗa ba yarda za a yi ba. Baki ake buɗewa. Haƙoran nono suna zuba ne bi da bi a lokacin da aka sani, saboda haka dillali ya duba ya ce maka wannan shekara uku ne, kuma da wuya ya yi nisa da gaskiya. Masu binciken ƙasa su ma abin da ke canzawa a kan ƙa'ida suke nema.

Duk abu mai rai, itace ko dabba ko mutum, yana ɗaukar wani sinadari da ake kira kabon-14. Daga ranar da ya mutu ɗauka ta tsaya, sai raguwa, kuma duk shekara 5,730 rabi ke tafiya. In an auna abin da ya saura a gawayi ko ƙashi, sai a lissafa. Wani Ba'amurke, Willard Libby, ya fito da hanyar a ƙarshen shekarun 1940. Da ita aka auna kwalekwalen Dufuna na jihar Yobe, wanda wani Bafulatani makiyayi ya ci karo da shi a 1987 yana haƙa rijiya: kimanin shekara 8,000. Da ita kuma masana daga jami'ar Frankfurt, da suka fara aiki a 2005, suka mayar da farkon al'ummar Nok wajen shekara 1,500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Kuma fa Nok ba ta Kudancin Kaduna kaɗai ba ce, an sami kayanta har Kagara, nan jihar Neja.

Ku 'yan Akure, abin yana bayan gidanku. A kogon Iwo Eleru, Thurstan Shaw ya tono tarin ƙananan duwatsun yanka da ƙasusuwan mutum a 1965, waɗanda aka ƙiyasta sun kai shekara 13,000.

Amma ga inda gizo ke saƙar. Dutse bai taɓa rai ba, ba a auna shi da kabon. Gawayin da ke kwance gefensa ake aunawa, a shimfiɗar ƙasa ɗaya da shi. Sannan in abu ya haura shekara 50,000, kabon ɗin ya kusa ƙarewa, sai a koma wasu hanyoyi. A Kenya da Habasha tokar dutse mai aman wuta ake aunawa, wadda ta rufe kayan sama da ƙasa. A Korolevo ta ƙasar Yukiren, a 2024, tsakuwar da aka binne tare da kayan aka gwada don sanin yaushe rabonta da sararin sama, aka sami shekara miliyan 1.4. Na Mai Idon Toro kuwa a tsakuwar rafi suka fito, ruwa ya riga ya yamutsa su, shi ya sa har yau kwatanta su kawai ake yi da na wasu ƙasashe.

Wannan ne ke damuna game da ramukan zinariya da suka cika jiharmu. Yaro ya tono gatari ko kan mutum-mutumi, ya karkaɗe ƙasar, ya sa a buhu, wani ya saya da kuɗin da ba su kai na tunkiya ba. Kamar a kawo maka sa ne an cire masa haƙora. Kayan na nan, amma shekarun sun tafi, kuma ba mai dawo da su. Dokar ƙasa ma ta hana saye da sayar da irin waɗannan kaya ba da izini ba. Wanda ya ga abu, ya bar shi a inda yake, ya ɗauki hoto da waya, ya sanar da mai gari ko hukumar gidajen tarihi. Mai son ganin irin kayan da idonsa kuma, akwai gidan tarihi na Onikan a Legas, akwai na Jos wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952.