Ƙaho, azumi da bukka: abin da Kirista zai koya daga idodin Yahudawa

Ranar 10 ga watan Tishri, titunan Isra'ila kan zama wayam. Ana rufe filin jirgin sama na Ben Gurion, gidajen rediyo da talabijin su yi tsit, sai yara a kan kekuna suna shawagi a manyan hanyoyin da jiya motoci ke cunkoso. Wannan ita ce Yom Kippur, wadda Littafi Mai Tsarki na Hausa ya kira Ranar Kafara. Azuminta kusan awa 25 ne, ba ci ba sha, daga faɗuwar rana zuwa bayan faɗuwarta washegari.

Tishri yakan faɗo tsakanin Satumba da Oktoba, lokacin da damina ke ban kwana da mu, gero ya nuna. Idodi uku ne a cikinsa, kuma sura ta 23 ta Littafin Firistoci ta jera su. Na farko, Rosh Hashana, sabuwar shekara ce. Ana busa ƙahon rago da suke kira shofar, a tsoma tuffa cikin zuma don fatan shekara mai daɗi, a karanta labarin Ibrahim da Ishaku da ragon da aka yanka a madadinsa. Daga ranar ake fara kwana goma na tuba, waɗanda ke ƙarewa da Ranar Kafara. Malamansu sun koyar cewa azumin Kafara ba ya wanke haƙƙin da ke tsakaninka da ɗan'uwanka sai ka je ka roƙe shi gafara. Wannan darasi kaɗai ya ishi coci-cocinmu wa'azin wata guda.

A zamanin Haikali, a wannan rana ce kawai babban firist ke shiga Wuri Mafi Tsarki da jinin hadaya. Akan kawo bunsuru biyu, a yanka ɗaya, a ɗora wa ɗayan zunuban jama'a a kora shi jeji. Romawa sun rushe Haikalin a shekara ta 70, hadaya ta tsaya, addu'a da tuba da sadaka suka maye gurbinta. Duk wanda ya karanta sura ta 9 ta Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa bai san wannan tsari ba, rabin maganar ya wuce shi, domin a kansa marubucin ya gina hujjarsa cewa Almasihu ya miƙa kansa sau ɗaya ya wadatar. Maƙwabtanmu Musulmi ma ba baƙi ba ne a zancen: hadisi ya nuna Annabi Muhammadu ya tarar da Yahudawan Madina suna azumin Ashura, kuma masana tarihi da dama na danganta shi da wannan azumi na ranar goma.

Kwana biyar bayan Kafara sai Sukkot, Idin Bukkoki. Magidanci kan kafa rumfa a tsakar gida ko a barandar bene, ya rufe ta da rassan itace ko ganyen dabino, ya bar 'yan kafofi yadda za a hango taurari. Yara su rataya 'ya'yan itatuwa da zane-zane. Kwana bakwai a ciki ake cin abinci, wasu har kwana, don tunawa da shekara 40 da kakanninsu suka yi a jeji bayan fitowa daga Masar. Manomin da ya taɓa kwana a bukkar gona yana gadin amfani ya san abin da ake nufi. A zamanin Haikali, lokacin wannan idi firistoci kan ɗebo ruwa daga tafkin Siluwam su zuba a bagade, kuma a ranar ƙarshe ce Yesu ya miƙe ya kira masu ƙishirwa su zo gare shi, kamar yadda Yohanna sura ta 7 ta nuna.

Inda gizo ke saƙar shi ne batun bishara. Sura ta 14 ta Zakariya ta yi maganar al'ummai za su haura Urushalima don wannan idi, shi ya sa tun 1980 dubban Kiristoci daga ƙasashe daban-daban ke taruwa a can duk shekara. Ƙungiyar Jews for Jesus, da Moishe Rosen ya kafa a Amurka a 1973, tana amfani da waɗannan idodi wajen wa'azi ga Yahudawa. A 1999 'yan cocin Baftis na Kudu a ƙasar Amurka suka fitar da ɗan littafin addu'a don Yahudawa su karɓi Almasihu, suka saita shi daidai da kwanakin tuba. Shugabannin Yahudawa sun ji zafin abin ƙwarai, kuma da dalili: jama'ar da aka ba zaɓi tsakanin baftisma da kora daga Sifen a 1492 ba ta manta ba. Cocin Katolika ta bi wata hanya. Ta sake duba dangantakarta da Yahudawa a 1965, a 2015 kuma Fadar Paparoma ta ce cocin ba ta gudanar da wani shiri na musamman don juyar da su.

A ganina, shaidar bangaskiya haƙƙin Kirista ce, amma tsayawa a ƙofar mutum da takardar wa'azi ran da yake azumi yana kuka gaban Allah rashin kunya ne. Idin nasu ne, sun riƙe shi da jini da hawaye.

Fastocinmu, idan Oktoba ta zo ana shirin bikin godiya na kaka, ku buɗe wa jama'a Firistoci 23 tare da Yohanna 7, ku faɗa musu cewa masu waɗannan idodi suna nan da rai, suna kiyaye su har yau, kuma ku ambace su da mutunci.