Akwatin telebijin mai intanet: mu muka saya, wa ke iko da shi?

A da idan magidanci ya sayi akwatin telebijin ya kai gida, yadda ya same shi haka zai zauna har ya tsufa. Yau lamarin ya sauya. Akwatunan da ake haɗawa da intanet suna ɗauke da manhaja, kuma kamfanin da ya ƙera su yana iya canza ta daga nesa, abin da ake rubutawa « mise à jour » a Faransanci. Sai iyali su kwana da tsarin da suka saba, su wayi gari da wani daban: an sauya wurin tashoshi, tallace-tallace sun cika shafin farko, akwatin ya ƙara nauyi wajen buɗewa.

A shekarar 2017 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta sa kamfanin Vizio ya biya dala miliyan 2.2, saboda tattara bayanan abin da mutane ke kallo a akwatuna miliyan 11 ba da yardarsu ba. A 2021, bayan an wawashe wani ɗakin ajiyar kaya a Afirka ta Kudu, Samsung ya sanar cewa zai toshe akwatunan da aka sace da zarar an haɗa su da intanet. Hukuncin ya dace da ɓarayi, amma ya nuna mana tsawon hannun kamfani. A watan Maris na 2024 kuma, masu na'urorin Roku sun iske ba su iya kallon kome sai sun amince da sabbin sharuɗɗa.

A gidajenmu akwai ƙarin damuwa biyu. Sabuntawa ɗaya tana iya cinye ɗaruruwan megabait daga kuɗin intanet da muka saya, alhali ribar tallan ta kamfani ce: kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Sannan idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar sabuntawa, akwatin yana iya ƙin tashi, sai an kai shi wurin mai gyara.

Abu na biyu shi ne tabon gilashi. Nan ya kamata mu bambance, domin tsoron ya fi yawan haɗarin. Galibin akwatunan da ke kasuwanninmu nau'in LED ne ko QLED, masu fitila a bayan gilashi, kuma da wuya su yi tabo mai ɗorewa. Matsalar ta fi shafar nau'in OLED, mai tsada, wanda kowane ɗigo a fuskarsa shi ke ba da haskensa. Ɗigon da ya fi aiki ya fi saurin gajiya. Saboda haka tambarin tasha da ba ya motsi, ko layin labarai da ke ƙasa, ko allon maki na wasan ƙwallo, idan suka daɗe a wuri ɗaya na dubban sa'o'i, sukan bar inuwarsu har abada. Gidajen da ke barin tashar Harami ko ta labarai a kunne daga asuba zuwa dare su ne suka fi bukatar lura.

Masu ƙera OLED sun sa masa hanyar gyara kansa. A akwatunan LG, bayan kimanin sa'o'i 4 na kallo, idan aka kashe da komandi, akwatin yakan ɗauki ƴan mintoci yana daidaita ɗigoginsa. Mu kuwa mun saba zare waya daga bango nan take don tsoron hawa da saukar wuta, ta haka muke hana shi wannan aiki. A kashe da komandi, a dakata kamar minti 10, sannan a zare. A rage ƙarfin haske, a riƙa sauya tasha, in kuma karatu kawai ake saurare, akwatuna da yawa suna da zaɓin kashe hoto a bar murya.

Game da sabuntawa kuwa, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wanda ke kallo ta dekoda ko eriya ba ya bukatar haɗa akwatinsa da intanet sam. Wanda ke bukata, ya duba cikin saituna ya kashe sabuntawa ta kai tsaye idan akwatinsa ya ba da dama, ya riƙa yi da kansa lokacin da wuta ta zauna, domin wasu sabuntawar suna toshe ƙofofin da masu kutse ke bi. Ya kuma ƙi amincewa da sharuɗɗan talla da na bibiyar abin da iyalinsa ke kallo.

Kafin mu biya kuɗi a kanti, mu tambayi nau'in gilashin, mu tambaya ko takardar garanti ta haɗa da tabo, domin sau da yawa ba ta haɗa ba. Dukiya amana ce, sirrin gida ma amana ne. Allah Ya sa albarka a abin da muka mallaka.