GARANTI: HAƘƘINKA NE, AMMA YANA DA WA'ADI



Ya kai ɗalibi mai karatu, da ku iyaye da ake karanta wa wannan mujalla a gida, darasinmu na wannan fitowa ya shafi wata 'yar takarda da ake samu cikin kwalin sabon kaya, kamar rediyo ko fanka ko firji ko wayar hannu. Da yawanmu da an buɗe kwali sai mu ɗauki kayan, takardar kuwa a bar wa yara su yi wasa da ita, ko a hura wuta. Sai ranar da kayan ya tsaya cak a fara neman ta, alhali ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan takarda ita ce katin garanti.

MENE NE GARANTI?

Garanti alƙawari ne da kamfanin da ya ƙera kaya, ko ɗan kasuwar da ya sayar maka, yake ɗauka cewa idan kayan ya lalace cikin wani lokaci da aka ƙayyade, kuma lalacewar daga ƙira take, to za a gyara maka kyauta, ko a canza maka wani, ko a mayar maka da kuɗinka. Ka lura da abu biyu a nan: lokaci da kuma dalilin lalacewa. Duk rigimar da ake yi a bakin kanti a kan waɗannan biyun take.

Wanda ya karanta babin ciniki a Risala ba zai ga wannan baƙon abu ba. Malamai sun yi bayanin hiyarul aibi, wato zaɓin da mai saye yake da shi idan ya tarar da aibin da ya riga ciniki kuma ba a nuna masa ba: ko ya riƙe kayan, ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Akwai kuma hiyarush sharɗi, wato a ƙulla ciniki bisa sharaɗin wasu kwanaki na gwaji ko shawara. A Muhtasarul Halil an kimanta kamar wata guda ga gida, kamar kwana 3 ga dabba ko tufa. Haka nan ya zo a Sahihu Muslim cewa wanda ya sayi dabbar da aka ƙi tatsa don hantsarta ta cika ta ruɗi mai saye, yana da zaɓin kwana 3, in ya mayar da ita sai ya haɗa da sa'i ɗaya na dabino. Ka ga ke nan tun can haƙƙin mai saye yana tafiya ne tare da wa'adi.

YAUSHE WA'ADI KE FARAWA?

Nan ne mutane da yawa ke faɗawa. Wa'adin garanti yana fara ƙirguwa ne daga ranar da aka sayi kaya, wato ranar da ke rubuce a rasit. Ba ya jiran ranar da aka fara amfani da shi. A ce uba ya sayi firji na kayan ɗakin 'yarsa, sai aka ɗaga biki, firji ya yi wata 8 cikin kwali a ɗaki. Idan garantinsa na wata 12 ne, ranar da amarya za ta kunna shi saura wata 4 kacal. In kuwa an zo da shi da aibi tun daga kanti, ba wanda ya sani sai bayan an ci kashi biyu cikin uku na wa'adin. Saboda haka duk kayan wutar da aka saya don ajiya, a kunna shi a gwada tun makon farko.

Abu na biyu, kamfanoni da watannin Miladiyya suke lissafi. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, ta Miladiyya kuwa 365 ko 366. Kada ka dogara da cewa "ai da azumin bara muka saya." Duba kwanan watan da ke kan rasit, ka rubuta ranar ƙarewar wa'adi a bangon littafinka.

Abu na uku, kaya ɗaya yana iya zuwa da wa'adi fiye da ɗaya. Yawancin sababbin wayoyi garantin wata 12 ake ba su, amma sau da yawa na caja da abin sauraro na kunne ya fi gajarta. A firji, kwamfiresa, wato injin da ke kawo sanyi, takan sami wa'adi mai tsawo fiye da sauran jiki. Farantan sola na manyan kamfanoni sukan zo da alƙawarin shekara 25, amma wannan a kan ƙarfin wutar da za su riƙa bayarwa ne. Garantin jikin farantin ya fi haka gajarta, na batir da inbata kuma daban yake. Don haka in mai kanti ya ce maka "shekara kaza," tambaye shi, "Shekara kaza a kan wane ɓangare?"

ME GARANTI BA YA ƊAUKA?

Garanti yana ɗaukar laifin maƙeri ne, ba ya ɗaukar naka. Waya ta faɗi gilashi ya tsage, babu garanti. Ta faɗa bokitin wanki, babu. Wayoyi da yawa suna da wata 'yar alama fara a ciki wadda ke komawa ja da zarar ruwa ya taɓa ta, mai gyara yana buɗewa zai gani. An kawo wuta da ƙarfi ta ƙona talabijin, yawancin kamfanoni ba sa biya, shi ya sa sayen sitabilaiza yake da amfani. Janareta kuwa, littafinsa yakan ce a juye baƙin mai na farko bayan kamar awa 20 na aiki. Wanda ya ƙi bi, injin ya buga, to shi ya jawo.

Wanda ya fi cin mutane shi ne gaggawar kai kaya wurin mai gyara na bakin titi. Akwai hatimi a kan kusoshin kayan, da zarar wani wanda kamfani bai amince da shi ba ya kwance su, garanti ya faɗi, ko da saura wata 11. Idan wa'adi bai cika ba, kada ka bari kowa ya sa sukudireba.

Kayan hannu kuwa, irin wanda ake kira tokumbo, galibi garantin kamfani ya riga ya ƙare. Abin da ake samu shi ne 'yan kwanakin gwaji da mai kanti zai ba ka da baki. To, ka sa ya rubuta a rasit. In ya nuna maka wani aibi ka ce ka ji ka gani, ba ka da ta cewa daga baya. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

SHIRI TUN RANAR SAYE

Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, aya ta 282 a Suratul Baƙara, tana koya mana rubuta bashi da kafa shaida a ciniki. Rubutu ba rashin yarda ba ne, maganin mantuwa da jayayya ne. Kafin ka bar kanti ka tabbatar da waɗannan:

1. Rasit mai ɗauke da sunan kanti da adireshinsa, da kwanan wata, da sunan kayan da samfurinsa, da kuɗin da ka biya.

2. Lambar kayan. Kowane kayan wuta yana da lambarsa ta musamman a baya ko a ƙasa. Ta waya ana kiranta IMEI, lambobi 15 ne, in ka danna *#06# za ta fito. Ka duba ta yi daidai da ta jikin kwali, kuma a rubuta ta a rasit.

3. Katin garanti a cike, da tambarin kanti da sa hannu. Kati fanko ba ya tsaya wa kowa.

4. Ka tambaya ina ake kai kaya in ya sami matsala, kantin ne ko cibiyar gyara ta kamfani. Misali, wayoyin Tecno da Infinix da itel cibiyoyin Carlcare ne ke duba su.

In ka koma gida ka yi fotokofin rasit, ko ka ɗauki hotonsa, domin irin sirirriyar takardar nan da inji ke fitarwa rubutunta yana gogewa da zafi da daɗewa. Ka haɗa rasit da kati da littafin kayan cikin leda ɗaya, a ajiye inda ake ajiye takardun gida. Kwalin ma kada a yar da shi da wuri.

RANAR DA KAYA YA LALACE

Da farko ka daina amfani da shi. Malamanmu sun ce wanda ya ga aibi kuma ya ci gaba da amfani da kaya ba tare da uzuri ba, ana ɗaukar haka alamar ya yarda. A wajen kamfani ma, ci gaba da kunna abin da ya fara ƙauri yana mayar da ƙaramar ɓarna babba, a ɗora maka laifi.

Sannan ka rubuta abin da ya faru: ranar da ya fara, da yadda yake yi. "Ba ya aiki" ba bayani ba ne. Ka ce, "Yana kunnuwa, bayan minti biyar sai ya mutu." In waya ce, ka kwashe hotuna da lambobin mutane, ka cire layi da katin ajiya, domin gyara yana iya share komai.

Ka je da wuri, kada ka jira makon ƙarshe. Ka tafi da kayan da takardunka, ka nuna na asali, ka bar musu fotokofi. In sun karɓi kayan, kada ka juya sai sun ba ka takardar shaidar karɓa mai kwanan wata da lambar kayan da yanayin da suka karɓe shi, su kuma faɗa maka ranar dawowa. Ka yi magana da ladabi. Yaron kanti ba shi ya ƙera kayan ba, hayaniya kuma ba ta ƙara wa hujja ƙarfi.

IN AN ƘI SAURARONKA FA?

A Nijeriya akwai dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019. Ita ta kafa hukumar FCCPC, wadda ta gaji hukumar CPC da aka yi dokarta tun 1992. Dokar ta ba mai saye damar mayar da kayan da ya fito da aibi cikin wata 3 da karɓarsa, a gyara, ko a canza, ko a mayar da kuɗi. Rubutun nan da ake yi a ƙasan rasit cewa kayan da aka saya ba a mayarwa, ba ya soke wannan haƙƙi a kan kaya mai aibi. Ka fara da mai kanti, sannan shugabannin kasuwa, domin sau da yawa a nan ake sulhu. In abin ya faskara ka kai ƙara hukuma a rubuce. Can ma abin da za a fara tambayarka shi ne rasit.

GASKIYA TA ƁANGARE BIYU

Kamar yadda ya haramta ga ɗan kasuwa ya ɓoye aibi, haka ya haramta gare ka ka yi ƙarya don a gyara maka kyauta. Wanda wayarsa ta faɗa ruwa, ya shanya ta, ya je ya rantse cewa haka kawai ta mutu, in an canza masa ya ci dukiyar mutane ba bisa haƙƙi ba, ko da kamfanin na ƙasar waje ne. Iyayenmu 'yan kasuwa kuma su tuna alƙawari kaya ne. In ka ce wa mutum wata shida, to wata shida ne, ko an rubuta ko ba a rubuta ba.

Ga aikin gida, ya kai ɗalibi. Yau bayan Magariba ka nemi izinin Baba ko Inna, ka tattara rasitan kayan wutar gidanku. Ka ja layi uku a takarda: sunan kaya, ranar saye, ranar ƙarewar garanti. Wanda ba a ga rasitinsa ba ka sa masa alama, don a kiyaye a saye na gaba.

Allah Ya sa albarka a abin da muka saya da abin da muka sayar, amin. Wassalam.