Kuskure a NIN: Za Ka Iya Maka Hukuma a Kotu?

A ce ɗalibi ɗan Tsamaye ya gama ND, sai ranar haihuwarsa a NIN ta saɓa da ta JAMB, rajista ta tsaya cak. Ga kuɗin mota daga Sabon Birni zuwa Sakkwato, ga fargabar hanya, ga rashin barci. To, zai iya neman diyya?

E, zai iya. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ba kowa haƙƙin a gyara masa bayanansa, wanda aka cutar kuma ya nemi diyya. Amma fa alƙali ba ya karɓar "raina ya ɓaci" kawai. Sai ka nuna kuskuren na hukumar ne, ba na mai shagon kwamfutar da ya cika maka fom ba. Sannan ka kawo shaida: gurbin karatun da ya kuɓuce, rasit, takardar likita.

Kada ka yi sanya. Dokar kare jami'an gwamnati yawanci wata 3 kacal take bayarwa a shigar da ƙara. Rubuta ƙorafi tun yau, ka riƙe kwafi mai hatimi. In babu kuɗin lauya, Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a kyauta take saurare.